Yadda Yaya Ya Koma Gidan Baya

A da, idan mota ta taso daga ƙauyukan Achika za ta shigo Wudil, ba a tambayar direba ƙarfe nawa zai iso. Hanyar burji ce, motar ba wani gudun kirki gare ta ba, kuma duk inda aka hangi dattijo a bakin gona sai an tsaya. A kashe inji, a sauko, a durƙusa, a tambayi gida da iyali da ruwan bana da gajiyar shekaranjiya, sannan a koma a tura motar in ta ƙi tashi. Wanda ya wuce mutum a mota bai sauko ba, za a daɗe ana maganarsa a gari. Yanzu babban titi ya zama tagwaye, kowa gilashinsa a rufe, gaisuwa ta koma ɗan hon da ɗaga yatsu biyu daga kan sitiyari. Ni na bi zamanin, na saba. Yayana ne bai bi ba, kuma da tsufa ya taɓa masa tunani sai ya koma can baya gaba ɗaya, lokacin da ake sauka.

Aikin malamin dabbobi na yi har na ajiye. Allurar shanu ta kai ni Nijar da Chadi da arewacin Kamaru, sau ɗaya har Sudan, kuma a yawancin tafiye-tafiyen ni ke riƙe da sitiyari, don ba kullum ake ba mu direba ba. A hanya na tsinci Fulatanci da Faransanci da Larabcin Shuwa, da ɗan Barbarcin da zai ishe ni neman ruwa da masauki. A hanyar kuma na koyi mota. Wani Buzu ne ya koya min rage iskar taya kafin a shiga yashi. A gangaren duwatsun Kamaru na koyi saukowa da ƙaramar giya, a bar inji ya riƙe motar, domin birkin da aka danne tun daga sama, kafin a kai ƙasa ya yi zafi ya daina kamawa. Na san in an ratsa ruwa sai a yi ta ɗan taɓa birki a hankali har ya bushe. Da na dawo gida na zauna a Wudil, gani nake babu wani lungu a jikin mota da ban san amfaninsa ba.

Yaya ya girme ni da shekara goma sha biyu. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, shi ya riƙe gona da gida, shi ya ce a bar ni in yi boko. Bai taɓa wuce Kano ba sai da ya je aikin Hajji. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa sa hannu a kwano kafin shi ba. Shi kuma Auta yake ce min, ko bayan da gemuna ya yi fari fat. In yana jin tsokana sai ya ce Bature.

Tun da na dawo, kowace Juma'a nakan je ƙauye in ɗauko shi mu yi salla a Wudil, mu ɗan leƙa kasuwa, in mai da shi kafin la'asar ta yi sanyi. Gidan gaba nasa ne, wannan ba a taɓa ma yin maganarsa ba. A wurinmu kujerar da ke kusa da mai tuƙi ta babba ce. Mata da yara da buhunan hatsi su ne a baya. Yakan tattara babbar rigarsa a cinya, ya sauke gilashi, ya ɗora gwiwar hannu a kan ƙofa. Bel na ɗaure jiki kuwa sai na yi ta lallashi.

"Akuya ake ɗaurewa, Auta," in ji shi. Amma yakan bari in sa masa.

Matarsa ce ta fara gaya min. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji tun tana amarya, amma ranar ba ta yi dariya ba.

"Malamin shanu, yayanka fa jiya sau uku yana tambayata ko an kai wa Baba tuwo."

Baban da take nufi shi ne mahaifinmu. Na kai Yaya asibiti, likita ya ce rikicewar tsufa ce, abin da take buƙata kulawa da haƙuri. Wata rana garau yake, ya lissafa maka iyakar gonar kowa daga nan har Utai. Wata rana kuma ya tashi neman mutanen da shi da kansa ya yi musu salla.

Wata Juma'a da kaka muka hau babban titi, kasuwar Wudil tana ci, hanya cike da motocin dabbobi da na hatsi. Ba gudu nake sosai ba, amma tafiya ce ta titi, kuma a bayanmu akwai tirela ɗauke da shanu. Can gaba a gefen hanya wani tsoho yana tura keke da damin dawa. Yaya ya miƙe zaune.

"Kai, ga mutumina can!"

Ya ambaci sunan wani amininsa da aka binne shekaru da yawa. Kafin in buɗe baki na ji bel ya saki, na ji iska ta buso min fuska. Ya buɗe ƙofa, ya zura ƙafar dama waje. Takalminsa ya taɓa kwalta ya fice.

Abin da jiki ke so a irin wannan lokaci shi ne a take birki da ƙarfi a karkatar da sitiyari. Da na yi haka, ko shi ya faɗa waje, ko tirelar ta hau mu. Na cafki wuyan rigarsa da hannun dama, na riƙe sitiyari sak da na hagu, na ɗaga ƙafa daga totur, na buga sigina da ɗan yatsa, sannan na shiga taɓa birki kaɗan-kaɗan har muka sauka daga kwalta. Tirelar ta wuce da hon kamar za ta tsaga kunne, direbanta yana ɗaga mana hannu yana faɗa.

Da motar ta tsaya, Yaya bai dubi titi ba. Hannuna ya duba, a wuyan rigarsa.

"Auta, ni ka shaƙe?"

Na saki. Tsohon mai keke ya jingine kekensa, ya tsinto takalmin ya kawo. Yaya ya sauko ya riƙe hannunsa, yana kiransa da sunan mamacin, yana tambayarsa yara da shanu da ciwon ƙafar nan tasa. Tsohon ya dube ni sau ɗaya, ya gane, ya shiga amsawa: lafiya lau, sun gode, ƙafa da sauƙi. Ban san shi ba, ban kuma sake ganinsa ba. Allah ya saka masa da alheri.

A satin nan na rasa yadda zan yi. Akwai maɓalli a ƙofar direba da ke kulle ƙofofin duka, na ɗauka shi ke nan. Da na gwada a gida sai na ga ƙofar gaba, ko a kulle take, in aka ja hannunta ta ciki buɗewa take yi. Haka aka ƙera ta, don mutum ya iya fita in wani abu ya faru. Na yi tunanin ɗaure ta da igiya kamar yadda ake yi wa tsofaffin motocin kasuwa, kunya ta kama ni tun ban ɗauko igiyar ba. Na yi tunanin in daina ɗauko shi. Amma matarsa ta gaya min duk abin da yake mantawa, Juma'a ba ya mantawa. Tun hantsi yake sa riga da hula ya zauna a ƙofar gida yana duban hanya. Gona ta fi ƙarfinsa, abokansa sun ƙare, wannan fitar ce kaɗai ta rage masa. In na ci gaba da ɗauko shi a haka, wata rana zan dawo wa matarsa da gawa. In na daina, na rufe shi a gida da hannuna.

Ranar Laraba 'yata ta zo daga Kano, inda take koyarwa a makaranta. Ta same ni a gindin mota ina buɗe ƙofa ina rufewa.

"Baba, lalacewa ta yi?"

Na ba ta labarin. Ta yi salati, ta tambayi jikin Baffanta. Sannan ta zagaya ta buɗe ƙofar baya, ta tsuguna, ta nuna min kaifin ƙofar, wurin da ke ɓuya in an rufe. Ƙasa kaɗan da inda ƙofa ke kamawa akwai wani ɗan harshe na roba, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ta tura shi ƙasa.

"Shiga ka zauna, Baba."

Na shiga, ta rufe.

"To, fito."

Na ja hannun ƙofar. Na sake ja. Yana motsi, amma kamar ba a haɗe yake da komai ba. Ta waje ta sa yatsa biyu ta buɗe min, tana danne dariya.

"Shekara nawa motar nan tana hannunka?"

"Ke, ni da na tuƙa mota a ƙasa biyar?"

"Ai ba ka taɓa tuƙa 'yan biyu masu shekara uku irin nawa ba, Baba. Da ka taɓa, da tuni ka san shi."

Ta ce kusan duk motocin yanzu suna da shi. A wasu ɗan harshe ne kamar wannan, a wasu ɗan rami ne da ake murɗawa da bakin makulli. Ta nuna min wani maɓallin kuma a ƙofar direba, wanda in an danna, na baya ba zai iya sauke gilashi ba. Na daɗe ina ganinsa, ban taɓa tambayar aikinsa ba. Na ce ta nuna min na ƙofar gaba. Ta ce babu, a ƙofofin baya kaɗai ake sa shi.

"Me ake ce masa?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta sunkuyar da kai.

"Makullin yara."

To, ga mafita an samu, amma da wulaƙanci biyu a cikinta. Sai na sauke Yaya daga gidan gaba, sannan in kulle shi da abin da aka yi domin yara. Mutumin da ya bar ni na tafi makaranta shi ya zauna yana noma abin da zan ci.

A nan yawon da na yi ya ba ni dabara, kuma ba na alfahari da ita. A Sudan na ga kamar mu suke, dattijo a gaba. Amma a Chadi da Kamaru, cikin manyan ma'aikatan da suka tashi a hannun Faransawa, babba a baya yake zama, ta hannun dama, kuma ba ya taɓa ƙofa. Direba ne ke saukowa ya zagayo ya buɗe masa. Nan gida ma haka masu mulki suke yi, sai dai mu talakawa ba mu ɗauka ba.

Ranar Juma'a na fara shiga wurin matarsa na gaya mata gaskiya.

"Kai za ka faɗa masa, malamin shanu, ba ni ba," ta ce. "Ni da shi za mu kwana a gida ɗaya."

Na fito na same shi ya riga ya nufi gidan gaba da sandarsa. Na buɗe ƙofar baya na riƙe.

"Yaya, yau a nan za ka zauna."

Ya tsaya. "Buhun masara ne ni?"

"A ƙasashen da na je, babba a baya yake zama. Direba ke buɗe masa, direba ke rufewa. Ka taɓa ganin gwamna a gidan gaba? Na daɗe ina yi maka ba daidai ba."

Ya dube ni, ya dubi kujerar, sai ya yi dariya har da tari.

"Bature ya motsa. To, direba, a kula da rigata."

Ya shiga. Na tattara masa gefen rigar, na sa masa bel, na rufe.

Ta hannun dama na zaunar da shi, don in zai sauka ya sauka ta gefen hanya, nesa da motoci, kuma daga nan na fi ganinsa. Na ɗan karkata madubin ciki yadda zan riƙa ganin hanya da kafaɗarsa gaba ɗaya. Da muka doshi gadar Wudil sai wani abu ya faɗo min da ban yi tunaninsa ba a gida: ƙofar da ba ta buɗuwa ta ciki, in wani abu ya faru, mutumin da ke bayanta ba shi da mafita sai ta hannun wani. Na dubi ruwan kogin a ƙasa, na rage gudu, na sauke gilashina. Tun daga nan ban sake hawa gadar da shi gilashina a rufe ba, ban kuma taɓa barinsa cikin motar ni ina waje ba, ko na sayen goro ne, don zafin mota a rufe ba ya jiran kowa.

Makonni da dama abin ya tafi daidai. Ina tuƙi ina lura da shi. Da na ga hannunsa ya nufi ƙofa sai in ce, "Bari in tsaya, Yaya." In ba da sigina tun da nisa, in nemi wurin da ba kwana ba, in sauka daga kwalta gaba ɗaya, in kunna fitilun nan huɗu masu ƙiftawa. In duba madubi saboda masu babur kafin in buɗe tawa ƙofar, in zagayo in buɗe masa. Yakan fito a hankali yana gyara hula, ya gaisa har ya gamsu. Wani lokaci mutumin ya san shi, wani lokaci bai san shi ba. Mutanen ƙauye suka fara tsokanarsa da ranka ya daɗe, shi kuma yana ɗaga musu hannu.

Sai wata Juma'a da na makara. Baƙi suka tsare ni a gida, kafin in iso ƙauye rana ta yi tsaka, ina tsoron kada mu rasa salla. A hanya muka wuce wani dattijo a gindin darbejiya, na ji hannun ƙofa ya yi ƙara a bayana, ƙwas. Na yi kamar ban ji ba. Muka wuce wasu biyu a bakin wata gona, ƙwas, ƙwas. Ban dubi madubi ba. Haka muka isa masallaci.

Da muka juyo bayan salla, mun bar babban titi mun kama hanyar ƙauye, ya ce in tsaya a gindin wata tsamiya. Babu kowa a wurin. Na tsaya, na yunƙura zan fita.

"Zauna, Auta."

Daga muryar na gane yau garau yake. Na kashe inji.

"Ƙofar nan ba ta buɗuwa ta ciki."

Ya dube ni ta madubi.

"Lalacewa ta yi, ko kai ka yi?"

Da na ce lalacewa ta yi, da ya yarda, watakila ma ya ce in kai wa bakanike. Amma tambayar ta fito ne daga yayan da na sani, ba daga mara lafiya ba.

"Ni na yi, Yaya."

"Saboda me?"

Na juyo a kujerata na gaya masa duka: tsohon mai keke, sunan da ya kira, tirelar shanu, takalmin da ya fice, hannuna a wuyan rigarsa. Yana saurare kamar labarin wani ake ba shi. Da na gama ya sunkuya ya daɗe yana duban ƙafafunsa.

"Ni na yi haka?"

"Kai ka yi, Yaya."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya shafa gemu. "Shi ne ka ce min gwamna."

"Na yi maka ƙarya. Ka yafe min."

Wasu mata suka wuce da itace a ka, suka gaishe mu ta gilashi, ya amsa musu yadda ya kamata. Da suka yi nisa ya ce, "Da ka tambaye ni, da ban yarda ba. Wannan na sani." Ya sa hannu ya ja hannun ƙofar a hankali, ya saki. "Ka bar ta yadda take. Gobe ba lalle in tuna mun yi maganar nan ba. In na yi maka faɗa, in na ce ka buɗe, kada ka buɗe. Ka ji ko?"

"Na ji, Yaya."

"Amma yau mutum uku ka wuce. Ɗaya daga ciki surukin ɗana ne. In ka rufe ni, to ƙafata tana hannunka. Kada ka sa a ce na yi girman kai da tsufana."

"Ba zan sake ba, in sha Allahu."

"To, tayar mu je. A surukin nan za mu fara tsayawa, in yana nan."

Yana nan kuwa. Na zagayo na buɗe, Yaya ya sauka ya ba shi haƙuri, ya ce direbansa ne sabon shiga.

Juma'ar da ta biyo baya bai tuna komai ba. A kan titi ya ja ƙofar ta ƙi, ya yi fushi, ya buga gilashi da sanda, ya ce in buɗe masa yanzu-yanzu, ya tambaye ni ko na manta wane ne shi. A duk rayuwata ban taɓa jin umarninsa na ƙi bi ba sai ranar. Na ce, "Bari in tsaya, Yaya," na ci gaba da tafiya har na sami wurin da ya dace.

Yanzu tun da hantsi nake barin Wudil, don tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba takan ci mana kusan biyu. Ba na wuce kowa. Ranakun da yake garau sun ragu ƙwarai, wani lokaci ni ma sai ya tambaye ni ɗan gidan wane ne. Matarsa da 'ya'yansa kuma, ba tare da an zauna an tsara ba, suka fara kawo min abin da a da shi ake kai wa: wace gona za a bari ta huta, wa zai karɓi auren jika, yaushe za a koma asibiti. Izinin da ya ba ni a kan ƙofa ɗaya ne, amma bai tsaya a ƙofar ba. Girman gidanmu ya dawo hannuna tun Yaya yana raye, kuma ba zai koma ba.